Ƙaramin Injin Baba Mai Ƙwai

Bakaniken ya jingine tayoyin keke biyu a jikin bencin da Baba Mai Ƙwai yake zaune. A cibiyar ta farko akwai baƙin inji mai faɗin faranti. Na ta biyun bai wuce dunƙulen hannu ba.

"Wannan babban, Baba, ko ka ɗage ƙafa zai hau da kai tudu," in ji bakaniken. "Ƙaramin kuwa taimako ne kawai. Kana taka feda, yana tura ka. Haƙoran cikinsa na roba ne, in ka bar masa kaya shi kaɗai a hawa sai ya yi zafi su narke. Yaya ƙafafun naka?"

"Ƙafafuna ƙalau. Ƙiwa ce kawai irin ta tsufa."

Ƙarya ce tsagwaronta. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura har wando ya matse ta, kullum da safe sai matarsa ta gasa ta da ruwan zafi kafin ta yarda ta lanƙwashe. Tun 'ya'yansa suna rarrafe yake kai ƙwai shaguna a kan wannan keken, daga ɗakin ajiyar uwar ɗakinsa. A makon jiya uwar ɗakin ta gan shi yana saukowa yana cije leɓe, ta ce, "Baba, in aikin ya fi ƙarfinka ka gaya mini, akwai wani mai babur da yake nema." Da murmushi ta faɗa. Tun ranar tsoro bai bar shi ba, don a gidansa babu mai fita nema sai shi.

Ya nuna ƙaramin da yatsa. "Wannan, in an ɗaura shi, ana ganinsa?"

"In ka saki jakar gefe ta rufe shi, ko ni ba zan gane ba. Batirin ma cikin jakar zai kwana. Amma Baba, inji ka zo saye ko sirri?"

"Ɗaura mini shi."

"Kiret nawa kake ɗauka?"

"'Yan kaɗan."

Bakaniken ya dubi kariyar keken, wadda aka yi wa walda har ta fi kama da gadon ƙarfe, ya girgiza kai. Ya cire tsohuwar tayar baya, ya saka sabuwar, ya bi jikin keken da waya yana naɗe ta da baƙin salatif yadda ba za ta nuna ba.

Zagayen farko daɗi ne zalla. Ya ɗan taɓa feda sai ya ji kamar wani ya dafa masa baya yana turawa. Ya wuce motocin da suka cunkushe a mahaɗa, ya sauke wa mai shayi, ya sauke wa mai gidan burodi, ko gumi bai yi ba. Har ya kama kansa yana fito, abin da ya manta rabonsa da yi.

Uwar ɗakin tana ƙofar ɗakin ajiya da ya dawo. Ta dubi rana, ta dube shi.

"Har ka gama? Kai, Baba! Ashe zaki yana nan da ransa, mu ne muka yi masa sharri."

"Ai na gaya miki, ƙiwa ce."

"To madalla. Ga kayan otal ɗin can na kan tudu, dama mai babur na ajiye wa. Tunda ƙarfinka ya dawo, me zai sa in ba baƙo?"

Da kanta ta riƙa miƙo masa kiret yana jerawa, har jerin ya kai kafaɗarsa. Maganar ta zo masa har baki. Amma me zai ce? Ya ja robar ɗauri ya ƙulle, ya gyara jakar gefe, ya hau.

A gindin tudun ya taka da gaske. Zuwa rabin hawan gwiwar ta soka masa wani abu da ya ji har cikin haƙoransa, ƙafar ta ƙi sauka. Ya danna maɓallin ƙara ƙarfi ya bar wa injin aikin shi kaɗai. Injin ya yi ta ƙugi yana ja, a hankali, a hankali, kukansa yana ƙara siriri. Sai warin ƙonanniyar roba ya taso. Ƙarar ta ci gaba, amma tayar ta daina juyawa, keken ya fara komawa baya.

Ya matse birki, ya dire ƙafar da ta zo, ita ce ta hagun. Duniya ta yi masa fari. Ya tokare jerin ƙwan da kafaɗa, ya tsaya a haka motoci suna wucewa suna yi masa oda, har sai da kayan suka daina rawa. Ko ɗaya bai fashe ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Uwar ɗakin ce.

"Baba, ka isa?"

"Saura kaɗan."

"Yauwa. Na sallami mai babur ɗin, na ce ya nemi wani wurin. Daga gobe tudun nan naka ne kullum."

Ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage na hawan.

"Na gode," ya ce.

Ya mayar da wayar. Jakar gefen ta ɗage, injin yana leƙowa yana ɗan hayaƙi. Ya sunkuya ya ja ta ta rufe shi, ƙarfen ya ƙona masa yatsu. Ya hura su, ya kama kan keken, ya fara turawa.