Muryar da ta ɗauke a ofishin Yaya

Ranar Litinin da hantsi Yaya ya kira Auta a waya, yana magana ƙasa-ƙasa don kada abokan aikinsa su ji.

"Auta, abin nan naku ya yi gum. Tun safe nake danne-danne, ko tari bai yi ba."

Yaya ya makance tun yana yaro, amma shekara bakwai ke nan yana amsa wasiƙun masu ƙorafi a wani kamfanin sufuri, da taimakon wata manhaja mai karanta masa abin da ke kan allon kwamfuta. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kyauta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Auta, ƙanwarsa, tana cikin masu sa mata hannu in ta taso daga nata aikin.

Da aka tashi cin abincin rana ta hau bas ta je. Teburinsa na can lungu, kusa da injin buga takardu. Ba ta daɗe ba ta gano bakin zaren. Manhajar karatun ba ta da bakin kanta, wata manhaja ce daban, ta murya, ke furta mata kalmomi. An sabunta ta muryar ranar Asabar, an sauya hanyar da ake miƙa mata rubutu, ba wanda ya shaida wa masu ta karatun. Auta ta mayar masa da tsohuwar, ta hana ta sabunta kanta.

"Wai su ba sa magana da juna ne?" in ji Yaya.

"Suna yi, Yaya. Kowa a ɗakinsa."

"Ikon Allah. Ai ko surukai sukan gaisa."

Karo na uku ke nan a shekarar, don haka ta rubuta wa shugabannin manhajojin biyu. Na manhajar karatu ana ce masa Injiniya, mutum mai saurin hannu da saurin fushi. Mai ta murya kuwa Kunkuru ake kiransa, don sai ya yi mako bai amsa saƙo ba. Da can aiki ɗaya suke yi, wata gardama ta raba su, wadda yanzu ba mai iya faɗin mafarinta.

Sai da ta yi sati biyar tana lallashi kafin suka yarda su haɗu ta bidiyo. Ita tana teburin kicin, Injiniya a ofishinsa, Kunkuru cikin motarsa a harabar asibitin da aka kwantar da mahaifiyarsa.

"Na sanar," in ji Kunkuru. "Tun wata biyu na aika ta imel."

"Wa ke karanta imel ɗinka? Muna da zaurenmu na hira a intanet, ka san hanya," in ji Injiniya.

"Zauren da ake zagina? Ni kaɗai ne fa a kan abin nan, shekara tara. Ku kun kai ashirin."

"Don Allah ku yi haƙuri," Auta ta ce. "Yayana ya yi rabin yini a gaban kwamfuta kamar wanda aka kulle a waje. Shafi ɗaya nake roƙo. Duk wanda zai taɓa abin da ya shafi ɗaya, ya rubuta a can, a ba da sati biyu kafin a yi sauyin."

Kunkuru ya murza idanunsa ya ce to. Injiniya ya ce shi dama bai taɓa ƙi ba.

Ta buɗe shafin a ranar. Kunkuru ya rubuta sanarwa biyu. Mutanen Injiniya ba su gani ba, don shafin ba ya aika musu da komai a zaurensu. Wani ya ce a mayar da shi can, wani ya ce sam, waccan manhajar hirar ba buɗaɗɗiya ba ce. Aka bar jaki ana dukan taiki: saƙo sittin a kan inda za a ajiye shafin, har wani ya yi zuciya ya buɗe nasa.

Bayan wata huɗu muryar ta sake ɗaukewa a kwamfutocin mutane. Wannan karon ɓangaren Injiniya ne suka yi sauyin, amma Kunkuru aka yi wa ca, tunda murya tasa ce. Bai yi musu da kowa ba. Layi uku ya rubuta: mahaifiyarsa ta rasu, ya gaji, ya ajiye aikin. Ya aiko wa Auta saƙo daban, cewa in tana so zai damƙa mata komai.

Ta buɗe ta duba. Ƙorafi sama da ɗari huɗu na jiran amsa, cikin manhajar kuma lissafin sauti ne zalla, abin da ba ta taɓa koya ba. Ta tuntuɓi Injiniya ko zai ba ta mutum biyu.

"Bar shi kawai, ƙanwata. Za mu rubuta tamu muryar. Nan da shekara, in Allah ya yarda."

Kamfanin su Yaya bai jira shekara ba. Aka sauya musu kwamfutoci, tsohuwar manhajar muryar ta ƙi hawa sababbin. Auta ta gwada duk dabarar da ta sani, kwana uku, ba ta ci ba. Manaja ya ce ba za a kore shi ba, aka mayar da shi teburin amsa waya a bakin ƙofa.

Can ta same shi wata Laraba, iska na kaɗa shi duk lokacin da aka turo ƙofar.

"Kada ki sa wa ranki damuwa," ya ce. "Waya ba ta neman ido. Kin ba Kunkurun nan amsa kuwa?"

"Tukuna."

Ya buɗe baki zai yi magana, wayar ta yi ƙara. Ya ɗaga mata hannu alamar ta jira. Yana ajiyewa wani kiran ya shigo, wata mata ce da jakarta ta ɓata a mota, tana ta faɗa. Auta ta tsaya har lokacin hutunta ya ƙare, sannan ta taɓa kafaɗarsa ta fita neman bas.