Littafin Shamuwa

"Baba, sauke abin nan daga idonka!"

Malam Maharazu bai sauke madubin hangen nesan ba sai da ya ji bakin bindiga a haƙarƙarinsa. Ɗan sa-kai ne, wani Mahadi, sai huci yake kamar ya kama ɓarawon shanu. Ya fizge madubin, ya ƙwace littafin da ke hammatar tsohon, ya tasa shi gaba daga gindin rimi har rumfarsu ta bakin kasuwa.

Abin da ciwo. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da kimiyya a makarantun Kafur, yau shi ake kora gaba da rana tsaka, mutane na nuna shi da baki suna cewa an kama infoma. Laifinsa kallon tsuntsaye. Shekara ashirin da biyu ke nan yana rubuta ranar da shamuwa ke dawowa daga kudancin Afirka, da ranar da take fara ɗaukar kara don yin sheƙa, da ranar da damina ke zama. Duk suna cikin littafin nan, kuma ba shi da wani kwafi.

Shugaban 'yan sa-kan yana zaune a benci kusa da murhun mai shayi. Malam ya gane shi tun daga nesa. Jibo ne, ɗalibinsa na dā, wanda ya maimaita aji biyu.

"Malam, kai ne? Sannu," in ji Jibo, amma bai tashi ba. Ya buɗe littafin yana lasar yatsa. "Wannan zanen fa? Ga hanya, ga rafi, ga bayan gari."

"Itatuwan da suke sheƙa ne. Dubi, ga rimi, ga tsamiyoyi uku."

"In wannan ya faɗa hannun 'yan bindiga fa? Makon jiya aka ɗauke mutum huɗu a bayan rafin nan."

"Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanena ne, Jibo! Ni za ka gaya wa?"

Jibo ya sunkuyar da kai. Amma kasuwa ta taru, kuma shugaba ba ya son a ce an kawo masa mutum ya sake shi hannu biyu.

"Na san ka, Malam, ba na zarginka. Zanen kawai za mu cire, saboda tsaro."

"Bayan kowane zane akwai rubutu! Ka riƙe madubin, ka riƙe keken, amma don girman Allah ka bar mini takardun nan."

Kyat! Kyat! Jibo ya bi littafin yana yaga, ya cusa takardun a murhu. Wutar ta lashe su mai shayi bai ko ɗaga tukunya ba. Malam ya tsaya yana kallo, leɓɓansa na rawa. Bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, har da na ranar da aka sare kukar da gauraka ke kwana. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda aka miƙo masa madubin da ɓawon littafin da hannu biyu, wai an yi masa alfarma.

Ya juya zai tafi ke nan sai Jibo ya biyo shi, ya rage murya.

"Malam, ruwan shekaranjiya fa? Na ga shamuwa biyu-uku. In zuba masarata ko in dakata? Bara na yi gaggawa, iri ya ƙone a ƙasa."

Malam ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Je ka tambayi murhun mai shayi," ya ce.

Ya koma gindin rimi ya ɗauki kekensa. Yana ɗora ƙafa a feda sai inuwa ta gifta. Shamuwa ce, da dogon kara a baki, wata na bin ta da nata. Ko ba littafi ya san abin da wannan ke nufi: ruwa ya zauna, shuka ta yi.

Ya waiwaya. Jibo na can bakin rumfa yana kallon sama. Malam ya ciro biro, ya rubuta kwanan wata a cikin ɓawon littafin, ya hau kekensa ya nufi gida.