Haƙorin Tasi'u

Tasi'u ya tofar da jinin da ya cika masa baki, sai ya ga wani farin abu a cikin ƙasa. Haƙorinsa ne na gaba. Makaɗa suka tsaya, mahauta suka ruga cikin fili suka ɗaga shi.

Damben kaka ne a bayan kasuwar Tofa, zamanin Sarki Abdullahi, kuma ranar ce yaron ya fara shiga fili. Wanda ya kayar da shi sa'ansa ne, Madu, ɗan wasu Barebari fataken kanwa da suka daɗe a garin.

Aka kai shi rumfar Ɗanliti wanzami. Tsohon ya buɗe masa baki, ya duba leɓen da ya tsage, ya taɓa haƙorin da ke gefen giɓin. Tasi'u ya zabura.

"Wannan ma yana girgiɗi," in ji Ɗanliti.

"Baba, kar ka cire," yaron ya ce, yana kallon awartakin da ke kan tabarma.

"Wa ya ce zan cire? Zauna tukuna."

Ya sa shi kurkure baki da ruwan bagaruwa mai ɗumi, sannan ya ɗaure haƙorin da zare a jikin na kusa da shi. "Ba nama, ba rake. Kunu kawai har wata ya mutu. In ka bar shi ya huta, da yardar Allah zai kama."

A gida, mahaifiyarsa Kaltume ta riƙe haɓarsa ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, ta juya ta ɗora tukunya. Tasi'u ya shige ɗaki. In ya yi magana iska na fita ta giɓin kamar fito, don haka ya yi gum.

Da la'asar aka yi sallama. Madu ne tsaye a zaure, riƙe da ƙwaryar nono. Tasi'u ya fito, ya zauna a bakin ƙofa.

"Inna ta ce a kawo maka," ya ce. "Wallahi ban nufi bakinka ba."

"Dariya ka zo yi?"

"A'a. Hannunka na hagu ne. Duk sanda za ka kai naushi sai ka sauke shi, fuskarka ta zauna a buɗe. Ni ma haka nake yi da." Ya ɗaga leɓensa, ga wani haƙori da ya gutsure rabi.

Tasi'u ya so ya daure, amma dariya ta kufce masa, har sai da ya dafe baki don zafi.

"In na warke za mu sake karawa," ya ce.

"To fara gyara hannun. Tashi ka nuna mini."

Tasi'u ya miƙe, ya ware ƙafa, ya miƙa hagunsa gaba. Madu ya ajiye ƙwaryar, ya tura masa gwiwar hannu sama.

Kaltume ta leƙo da ludayi a hannu. Ta kalli yaran biyu, ta koma ta ƙara gasara a tukunya.