Shafin Likita Ya Koyi Ƙirga

Tun da ya yi ritaya, likitan dabbobin ba shi da aikin da ya wuce zama gaban tsohuwar kwamfutarsa, a ɗakin da a da yake tara kwalayen magani, yana rubuta labaran dabbobin da suka ratsa hannunsa. Babbar 'yarsa, wadda gina shafukan intanet ne sana'arta, ita ta haɗa masa shafin. Irin mai sauƙin nan ne: ya rubuta labari, ya danna maɓalli, kwamfuta ta sake gina shafin gaba ɗaya ta tura shi intanet.

Da ta zo hutu ta ce ya kamata a mai da rubutun littafi, sai ya kama dariya.

"Wane littafi? 'Yan guntayen nan ko ƙasida ba za su cika ba."

"Ka taɓa ƙirgawa, Baba?"

Bai taɓa ba. Ta ja kujera kusa da shi, ta ture kofin shayinsa gefe, ta ce akwai wata 'yar manhaja da ake maƙala wa irin wannan shafi. Duk lokacin da aka sake gina shi, sai ta bi rubutun kaf ta ƙirga, ta baje sakamakon a wani shafi na daban.

"Har masu karantawa za ta ƙirga?" Ya tambaya.

"A'a, ita rubutu kawai take gani."

"Gara haka. Masu karatuna na san su, mamanki ce da baffanki."

Ta yi 'yan danne-dannenta, ta ce ya gina da kansa. Ya gyara tabarau ya danna. Sabon shafi ya buɗe, ga jerin kalmomin da ya fi amfani da su: "da" ce a sama, sai "ya", sai "ta".

"Ashe duk shekarun nan 'da' nake ta rubutawa," in ji shi.

Ita ma dariyar take yi lokacin da ta gaya wa manhajar ta riƙa tsallake ƙananan kalmomi. Da aka sake ginawa, likita ya matso kusa da kwamfutar. Jimillar kalmominsa ta haura dubu ɗari. Ya sa yatsa a kan gilashin yana bin lambobin, don a zatonsa idonsa ne ke ninka su. A ƙasa an zana sanduna masu nuna yawan rubutunsa, kowace shekara da tata, ya tsaya a kan wata 'yar gajera. Shekarar da aka yi masa aikin ido ce. Wadda ke biye da ita kuwa ta fi kowacce tsawo, ya ji daɗin hakan har cikin ransa.

Ana cikin haka matarsa ta shigo ɗaukar kofi, ta leƙa ta bayan kafaɗarsa. A sabon jerin, "akuya" ce ta ɗaya, "matata" ta biyu.

"Akuya ce ta riga ni?"

"Ai na'ura ce, ba ta san girma ba."

"Na'urar ce ta yi rubutun?"

'Yar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Likita ya yi alkawarin gyara lamarin kafin azahar. Ya zauna ya rubuta labarin yadda matar tasa, suna sabon aure, ta riƙe masa wata dabba mai naƙuda da ta gagari maza biyu. Ya zuba "matata" a kusan kowane layi. Ya gina shafin, ya kira su su zo su gani.

Tazarar da ke tsakanin "akuya" da "matata" ta ƙaru. Dabbar da ke cikin labarin akuya ce.

Matar ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ce ya matsa, ta zauna ta karanta labarin daga farko har ƙarshe. Ta gyara masa wuri ɗaya: ba maza biyu ba ne, uku ne, kuma shi ne na ukun.

Da yamma 'yar ta sa mahaɗin da za a danna a ga ƙididdigar a fuskar shafin. Likita ya kira ƙanensa ya ce ya buɗe ya gani, kuma ya fara nema masa mai buga littattafai, amma mai haƙuri, don akwai wadda za ta bi kowane babi tukuna.