Kowace da Sunanta

Tasi'u tela ne a kasuwar Bodinga, kuma babban ciwonsa shi ne bakinsa bai iya cewa a'a ba. Azumi ya yi nisa, Sallah ta matso, yadi ya cika shago har ya rasa inda zai shimfiɗa tabarmar salla. Duk da haka kowa ya kawo ɗinki sai ya ce, "Aje nan, an gama." Waya ba ta hutawa, wutar lantarki ta zo ta tafi yadda ta ga dama, a gida kuma nasa 'ya'yan ko awo bai yi musu ba.

Wata safiya ya tsaya da almakashi a kan wata shadda mai tsada. Ya rasa ta wane ce, ya rasa riga zai yanka ko wando. Ƙirjinsa na bugawa, gumi ya jiƙa shi. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya ɗauka hankalinsa ne zai gushe. Ya kashe waya, ya ja ƙofa ya kulle, ya ƙudura a ransa ya bar ɗinki ke nan.

Ya shiga motar Shagari, daga can kabu-kabu ya kai shi Horo Birni wurin Kawu Sodangi, wan mahaifiyarsa, makiyayi. Niyyarsa ya roƙi gona ya zauna.

A bakin rijiya ya same shi, rana ta take. Shanu tuli guda sun dawo daga kiwo, ƙishirwa ta sa idanunsu sun yi zuru-zuru. Abin shan ruwan kuwa kwami ne guda na itace, wanda bai wuce bakin saniya biyu ba.

"Mis same ka haka, ɗan nan?" in ji tsohon.

"Kawu, na gaji. Kowa ni shika jira."

"To. Riƙa man guga tukuna."

Tasi'u ya ja ruwa ya cika kwami. Tsohon ya juya zai kwance igiyar jakinsa. Tasi'u ya dubi shanun, suna tsaye nesa kaɗan suna lasar hanci, tausayinsu ya kama shi. Ya ɗaga hannu ya yi musu fito, wai su matso.

Ai kuwa sai suka taso gaba ɗaya. Ƙaho ya haɗu da ƙaho, kwami ya kife, ruwan ya bi ƙasa, ko ɗaya ba ta jiƙa harshe ba. Shi kansa mai tausayin da ƙyar ya tsira da ƙafarsa.

Kawu Sodangi bai ɗaga sanda ba. Wata 'yar murya ya fitar daga maƙogwaro, doguwa, mai sanyi. Nan take turmutsitsin ya tsaya. Manyan bijimai masu tozo suka ja da baya, suka koma inda suke ɗazu suka tsaya.

Ya gyara kwami, ya sa Tasi'u ya sake cikawa. Sannan ya kira, "Wule!"

Wata saniya mai farin goshi ta ratso garken ita kaɗai, a hankali, ta sa baki. Sauran na jin ƙarar ruwa a maƙogwaronta, ba wadda ta motsa. "Saige!" Wata ta fito. Da ta ƙoshi ta kauce da kanta.

Tsigar jikin Tasi'u ta tashi. Shi da ke azumi ya san abin da ƙishirwa take, ga dabba kuma da ƙarfin da za ta tattake su duka, tana tsaye tana jiran a ambaci sunanta. Ya ce, "Subhanallahi," ya sake cewa, hawaye na zubo masa bai damu ya share ba. Ya yi ta jan guga, tsohon na kira, har rana ta karkata. Tun shigowar azumi bai taɓa jin numfashinsa ya sauka haka ba.

"Kawu, ba su hushi da kai?"

"Suna yi mana. Amma kowace ta san in na kira ta, ruwanta na. Kai da kak kira su duka, wa tas sha?"

Tasi'u bai ta da maganar gona ba. Da aka sha ruwa aka kwana, ya koma Bodinga ya buɗe shago. Ya ware abin da hannunsa zai iya kafin Sallah, ya ɗaure sauran don ya mayar wa masu su, ya soma da gidan da ya fi jin tsoro, na Alhaji Murtala mai hatsi, wanda ya kawo ɗinkin gidansa kaf.

Ya durƙusa ya gaishe shi. "Alhaji, a gahwarce ni. Wanga ɗinki ba ni iya shi kahin Sallah."

Alhaji ya yi faɗa son ransa, ya ce an ci amanarsa, ya fizge ƙunshin ya ce kada ya ƙara ganinsa. Abin ya yi wa Tasi'u ciwo, don tsohon mai hulɗa ne. Ya fito waje ya tsaya yana jiran ƙirjinsa ya soma bugun nan. Bai buga ba. Ya gyara sauran ƙunshin a kafaɗa, ya nufi gida na gaba.