Jan Zanen Da Ke Kan Igiya

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, mai wanki ta fita da gudu ta kwashe shanya. Sai da ta zube kayan a kan gado ta ga jan zanen a cikinsu.

Wannan zanen ba wanki ba ne. Tun da maƙwabcinta tsohon tela ya kwanta ciwo take rataya shi duk ranar da babban ɗansa, soja, ya zo dubiya. Autan, wanda hukuma ke nema tun da aka fara yaƙi, in ya hango ja daga bakin lungu sai ya juya. Yau ga shi sojan na ciki, hannu kuma ya yi abin da ya saba. Kai, sabo!

Ta ruga gidan telan ko takalmi babu, amma ina! Auta na tsaye a ƙofar ɗaki, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Sojan na zaune bakin gado, ya ba ƙofa baya, hularsa a kan keken ɗinki.

"Wa ya shigo?" in ji tsohon, da ƙyar.

"Ni ne, Baba."

Mai wanki ta ga wuyan sojan ya sandare. Ita ta goya su duka biyun, amma wallahi ba ta san abin da zai yi ba. Tsoro ya kama ta.

Sojan ya juya fuskarsa ga bango.

"Inna, in sun tambaye ni wa na gani, rantsuwa za su sa ni," ya ce. "Ni bango nake kallo."

Auta ya durƙusa. Tsohon ya laluba ya kama hannun wannan, ya kama na wancan, ya haɗa su a ƙirjinsa.

"Kun rame," ya ce. "Duk wandunan da na ɗinka muku sai an rage ƙugu."

Kafin ruwa ya tsagaita rai ya yi halinsa. Mai wanki ta rufe masa ido tana kuka.

"Yaya..." in ji Auta.

"Tafi, tun ana ruwa."

Sai da ƙarar ƙofar waje ta mutu sannan sojan ya waiwayo. Babu kowa a bakin ƙofa, sai sawun jiƙaƙƙun ƙafafu a kan siminti. Ya zauna yana kallonsu har suka bushe.