Sunan Yankan Ɗanjuma

Ni aka naɗa sakatariyar kwamitin unguwarmu, ba don na fi kowa ilimi ba, sai don na fi kowa baki. Sunana Kabira. A Nakkasa, unguwar Hausawa a ƙasa mai tsarki, aka haife ni, a nan aka haifi uwata, amma har gobe in na shiga ofis, na bayan tebur ba ya tambayar sunana. "Ya Takruniyya," zai ce, wato ke baƙar fatar nan, ya nuna mini ƙarshen layi da haɓa. Wannan kalma ce ta tara mu a 2014, ita da jan fentin da aka fara shafa wa gidajenmu. Izala ake rubutawa a bango, ma'ana za a rushe. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, sai ya kwashe kayansa ya nufi unguwar Ka'akiyya. Wanda ba shi da ita kuwa, gida na faɗuwa babu abin da ya rage tsakaninsa da motar tarhil, a je a sauke shi a ƙasar da bai taɓa gani ba.

Shugabanmu Malam Datti, dattijo mai sanyin magana har ya ba ka haushi, yana da abin da babu mai irinsa, wato daftarin kakansa. Kakan nan shi ne mai saukar baƙi a zamaninsa. Duk Bahaushen da ya iso da ƙafa sai ya rubuta shi da ajami, maza da 'ya'yansu maza. Wata bakwai muna sintiri da daftarin nan daga wannan ofis zuwa wancan. Mu tafi mu ashirin mu tsaya a rana, a kore mu, mu dawo mu talatin. Daga ƙarshe wani babba ya gaji da ganin fuskokinmu. Ya ce duk wanda ya nuna sunan ubansa ko kakansa a ciki, ya kuma kawo shaida mai rai da zai rantse, za a duba takardarsa ta neman izinin zama. Ya ba mu zuwa Alhamis ta sama.

Tun da muka fara karanta sunayen a fili unguwar ta canja. A zauren Malam Datti muke taruwa bayan la'asar, in karanta suna, wani jika ya ɗaga hannu ya ce nasu ne. Wani sunan kuma babu mai amsawa, zuriyar ta ƙare ko ta watse. A irin waɗannan nake jin zauren ya matse, kamar an ƙaru. Ran Litinin na fita shan iska, na tarar da takalman bakin ƙofa sun fi ƙafafun da ke ciki. Wasu na fata ne, busassu, dugadugansu sun cinye ƙarƙaf. Na koma ciki ban gaya wa kowa ba. Kyanwoyin unguwa, da a da suka fi mu yawa, suka ɓace a mako guda. Da tsakar rana kuma, idan motocin rusau sun tsaya hutu, sai a riƙa jin daka daga gangaren da ba sauran gida ko ɗaya. Na ji da kunnena. Ni ba matsoraciya ba ce, amma na daina bi ta can.

Zuwa Talata kusan kowa a layinmu ya ga nasa, ban da Rabi'atu. Ƙawata ce tun muna yara, tana sayar da abinci a Arfa lokacin aikin hajji, 'ya'yanta uku, mijinta kuma tun bara motar tarhil ta tafi da shi. Mahaifinta ya rasu shekara takwas da suka wuce. Duk unguwa Ɗanjuma ta san shi, Larabawa kuma Juma'a. To babu Ɗanjuma a daftarin, domin kakan Malam Datti malami ne, ba ya rubuta laƙabi, sai sunan yanka.

"Ke ba ki san sunan ubanki ba?" na tambaye ta.

"Na taɓa tambayarsa," in ji ta. "Ya ce in tambayi Inna."

Nan gizo yake saƙa. Inna Ɗaso, kakar Rabi'atu, ta haura tamanin da biyar, hankalinta garau, amma Ɗanjuma ɗan farinta ne. Mace irin ta dā ba ta faɗin sunan ɗan fari ko da wuƙa a wuyanta, haka ma na miji. Ita da mijinta sun baro ƙasar Zazzau ne lokacin ɗiban gwamna, sa'ad da Turawa ke kwasar maza da ƙarfi zuwa ramukan kuza. Suka yi gabas da jariri a goye, shekara huɗu suna tafiya suna tsayawa noman ƙodago. Yaran da aka rubuta a shekarar isowarsu su goma sha ɗaya ne. In muka yi canki muka kuskure, takardar Rabi'atu ta mutu.

Ran Laraba bayan azahar muka hau wurinta, ni da Rabi'atu da Malam Datti rungume da daftari. Gidanta ne kaɗai ya rage a tsaye a layin. Bayan katangarta babu komai sai tarin duwatsu da ƙofofin da ba sa kai wa ko'ina. Muka tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ga rana ƙwal, ga unguwa tsit, ko ƙuda babu.

Malam Datti ya yi ta gaisuwa har na fara taka ƙafa. Sannan ya ce, "Inna, suna ɗaya muka zo nema. Ko a kunne ki raɗa wa yarinyar nan, halas."

"Yaron nan Ɗanjuma ne," in ji ta. "Haka kuka san shi."

"Kaka, ofis ba su san Ɗanjuma ba," Rabi'atu ta ce. "Gobe ce rana ta ƙarshe."

"To su je su tambayi wanda ya raɗa."

Malam ya kawo shawarar ya karanto sunayen goma sha ɗayan, in an zo kan nasa ta yi tari kawai. Ta ce ita ba ta da mura. Nan haƙurina ya ƙare, kuma dama ba shi da yawa.

"Inna, wallahi ki ji tsoron Allah. Wata bakwai muna tsaye a rana don a daina kiranmu da sunan da ba namu ba, ke kuma kina zaune a kan suna. Kunyar nan taki ita za ta sa jikokinki a mota. Wa suka sani a Najeriya? Ƙaramin ma ko Hausar kirki ba ya ji."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, har na ji kunyar kaina. Abin da na gani a idonta ba kunya ba ce, tsoro ne.

"Kabira, bakinki ya fi ki girma," ta ce a hankali. "In na kira shi, zai ji."

"Wanda ya rasu shekara takwas, Inna?"

Ta dubi Rabi'atu, wadda hawaye ke zubo mata ba ta ko share. Sai ta gyara mayafi, ta juya fuskarta wajen katanga. Ba raɗa ta yi ba. Kira ta yi, irin wanda uwa ke yi wa yaron da ya yi nisa da wasa.

"Ja'afaru!"

Daga bayan katanga, inda babu gida babu mutum, aka ce, "Na'am."

Dukanmu muka ji. Daftarin ya kusa suɓuce wa Malam Datti. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi har tafin ƙafa. Mahaifin Rabi'atu ƙato ne, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Wannan muryar ta yaro ce, ɗan shekara huɗu ko ƙasa da haka, a bushe da ƙishi.

"Wannan ba Baba ba ne," in ji Rabi'atu.

"A'a," Inna ta ce. "Wannan nawa ne. Saura kwana uku mu kai bakin teku zazzaɓi ya ɗauke shi. A gindin wata ƙaya muka sa shi, ko alama ba mu bari ba. Ubanki a Sawakin, garin bakin tekun, na tsince shi ran Juma'a, yana zaune kusa da gawar uwarsa yana korar mata ƙuda. Ko yarenmu ba ya ji. Da muka iso nan mai daftari ya ce sunan yaro, sai maigidana ya ba shi na wancan. Ni ko sau ɗaya ban kira shi da shi ba. Kuna ta cewa kunya. Ina zan kira, alhali mai shi yana can shi kaɗai yana sauraro?"

Malam Datti ya buɗe daftarin. Sunan na nan, na bakwai a jerin, Ja'afaru ɗan Hashimu, Zazzau. Ya dube ni, na dube shi. Mutum ne da bai taɓa sa hannu a kan abin da yake shakka ba.

"Rantsuwar fa, Inna?" ya tambaya.

"Zan rantse sunan ɗana ne, kuma wanda aka rubuta ni na goya shi na shigo da shi garin nan. Ina ƙarya a ciki?"

Rabi'atu ta tsuguna ta rufe fuska. Ta zo neman sunan ubanta, ta tarar ba shi da ko ɗaya, kuma ita kanta ba ta san 'yar wace ƙabila ba ce. Tausayinta ya kama ni. Can ta ɗago, ta dubi katangar, ta ce da muryar da ake yi wa yaro magana, "Ka yi haƙuri, aro za mu ƙara yi." Sannan ta ce mini, "Rubuta."

Na rubuta, Rabi'atu bint Ja'afaru. Ina cikin busa tawadar na ji ƙananan duwatsu na gangarowa a bayan katanga, ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙaramar ƙafa na neman wurin takawa. Ƙofar gidan, da ni da kaina na rufe ta, ta buɗe kaɗan.

"Ku tafi ku kai takardarku," Inna Ɗaso ta ce, ba ta ko dube mu ba. "Ya sha hanya."

Ta jawo kwanon ruwan da ke gefenta, ta matsa zuwa bakin tabarmar, ta bar wuri.